Kafin ka sayi injin buga tangaran, fara da tanderu da kwaɓi

Idan zancen buga tangaran da firintar 3D ya taso a tsakanin ɗaliban injiniya da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, tambayar farko ba ta canzawa: wane inji zan saya, kuma nawa ne? Shawarata ita ce ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. A duk wannan aiki, inji ne abu mafi sauƙin samu, kuma shi ne ya fi ƙarancin ɓata wa mutum kaya. Inda ake yin asara shi ne wajen kwaɓi, da wajen shanya, da cikin tanderu. Wanda ya iya waɗannan uku zai fitar da kaya mai kyau da tsohuwar firintar roba da aka ɗaura wa sirinji. Wanda bai iya su ba, ko injin miliyoyi ya saya, fasassun kaya zai riƙa kwasowa daga wuta.

Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maginiyar tukwane ya ga yadda take murza yumɓu ya yi tsawo, ta naɗa shi a kan gindin tukunya, ta ɗora wani a kai, har randa ta tashi. Da irin wannan gini Ladi Kwali ta yi suna, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Abin da injin yake yi ke nan, sai dai zaren da yake matsowa yawanci bai kai kaurin milimita ɗaya ba, kwamfuta ce ke jan hannunsa, kuma abin da ke cikin sirinjinsa sau da yawa ba yumɓu ba ne. Yumɓu da danƙonsa Allah ya yi shi. Garin alumina ko na zirkoniya, waɗanda ake yin tangaran na injiniya da su, ba su da danƙo ko kaɗan. Ka kwaɓa su da ruwa zalla, in ruwan ya yi yawa su malale, in ya yi kaɗan su wargaje. Dole sai an ba su abin da zai riƙe su, kuma jel ne ke wannan aiki: ruwa da aka sa wa wani sinadari, yana kwarara lokacin da kake so ya kwarara, yana kamewa lokacin da kake so ya tsaya.

Hanyoyi biyu ne suka haɗu suka haifi wannan dabara, dukansu daga Amurka. Ta farko ana kiranta jelkastin, an ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee, aka fara yaɗa ta sosai a 1991. Cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta akwai Mark Janney da Ogbemi Omatete, ɗan Najeriya, injiniyan sinadarai da ya koyar a Jami'ar Legas. A hanyarsu, ana zuba kwaɓi mai ruwa-ruwa a cikin mazubi, sinadarin da ke ciki ya kame, a cire kayan da siffarsa. Ta biyu ita ce robokastin, wadda Joseph Cesarano da abokan aikinsa suka fitar a cibiyar Sandia da ke New Mexico a tsakiyar shekarun 1990. Ita babu mazubi, inji ne ke shimfiɗa zare hawa-hawa. A 2002 James Smay da Cesarano da Jennifer Lewis suka nuna yadda za a sa ƙwayoyin garin su riƙe juna su zama jel, har zaren ya iya tsallake rami ba tare da ya lotsa ba. Daga baya masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan, ƙarƙashin Eduardo Saiz, suka yi amfani da jel ɗin Pluronic F-127 suka buga kayan alumina da na silikon kabayid. Wannan hanya ta ƙarshe ita na fi ba mai koyo shawarar ya bi, zan kuma faɗi dalili.

Amma fara zuwa ka duba tanderun da kake da shi. Shi zai faɗa maka irin garin da za ka saya, ba burinka ba. Tanderun lantarki mai wayar Kanthal, wanda ya fi yawa a ɗakunan gwaje-gwaje da sassan koyar da ginin tukwane, iyakarsa tsakanin digiri 1200 zuwa 1300 ne a ma'aunin Salshiyos. Mai sandunan silikon kabayid yana kai wajen 1500. Mai sandunan molibdinam daisilisayid ne ke wuce 1700. Alumina tsantsa tana son kusan digiri 1600 kafin ƙwayoyinta su haɗe ta rufe ramukanta. Zirkoniya mai yitriya kashi 3, irin wadda ake haƙoran roba masu ƙarfi da ita, tana gasuwa tsakanin 1450 da 1500. Haidroksi'afatait, wanda ake gwajin cike gurbin ƙashi da shi, wajen 1200 zuwa 1300. Idan tanderunka a 1250 ya tsaya, kada ka sayi alumina. Za ta fito fara tas, ka ji daɗi, amma da farce za ka iya kankare ta. Ka fara da haidroksi'afatait ko da haɗin farar ƙasa, ko ka nemi sashen da ke da babban tanderu ku yi yarjejeniya tun kafin ka auna gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Garin ma a kula da shi. Alumina da ake gurza ƙarfe da ita ba ita ce ta wannan aiki ba, ƙwayoyinta sun yi girma, ba za su haɗe ba ko a 1600. Wadda ake so ita ce mai laushin da matsakaicin ƙwayarta bai kai maikiron ɗaya ba, wajen 0.3 zuwa 0.5. Ka nemi mai sayarwa ya ba ka takardar bayanin garin, ka duba girman ƙwaya da tsabta. In ba shi da takarda, ka ƙyale garin.

Sai zaɓen jel. Akwai su da dama, kowanne da abin da ke sa shi kamewa. Aga yana narkewa a ruwan da ya kai wajen digiri 85, ya kame idan ya sauko ƙasa da 40, don haka sai an riƙa ɗumama sirinji da bakin allura, in ba haka ba ya daskare a hanya. Jelatin yana kamewa da sanyi, a zafin Kano ko Zinder na watan Afrilu kuwa ba zai tsaya maka ba. Metilselulos akasin haka yake, zafi ne ke kamar da shi, wajen digiri 50 zuwa 60. Aljinet yana kamewa idan ya haɗu da kalsiyam. Ainihin jelkastin na farko da akrilamayid aka yi shi, wanda guba ne ga jijiyoyi kuma yana ratsa fata, shi ya sa su kansu masu ƙirƙirar suka koma neman madadinsa. Ina roƙonka kada ka taɓa shi a ɗakin da babu na'urar zuƙe iska da safar hannu ta ƙwarai. Babu sakamakon binciken da ya kai lafiyar jijiyar ɗalibi.

Abin da ya sa na fifita Pluronic F-127, wanda wasu ke sayarwa da sunan Poloxamer 407, shi ne halinsa ya dace da ƙasar zafi. Idan ka narka kashi 25 cikin 100 nasa a ruwa, a cikin firij ruwa ne yana kwarara, da zarar ya ɗumama ya doshi digiri 20 sai ya kame ya zama jel. Ka mayar da shi firij ya sake narkewa. Ma'ana, za ka yi kwaɓi da cire iska da ɗura sirinji a cikin sanyi, lokacin da kwaɓin ke da sauƙin juyawa, sannan ka bar zafin ɗaki ya kamar maka da shi kyauta. Ba ya kuma damuwa sosai da irin garin da aka zuba masa, don haka da jel ɗaya za ka gwada alumina yau, gobe ka gwada wani gari. Aibinsa biyu ne. Yana da tsada kuma sai an yi odarsa, sannan yana ƙara yawan abin da wuta za ta ƙone kafin gashi, abin da ke sa dole a tafi da tanderu a hankali.

Ga yadda za ka haɗa. Auna giram 75 na tataccen ruwa mai sanyi, ka barbaɗa giram 25 na Pluronic a kai kaɗan-kaɗan, ka rufe, ka sa a firij ya kwana, ko ma kwana biyu, har ya zama garau babu gudaji. Kada ka kaɗa shi da ƙarfi don ya yi sauri, kumfa zai yi, kumfar kuma tana daɗewa ba ta kwanta ba. Ka tanadi kula da ƙanƙara saboda ɗauke wuta, domin in ya ɗumama kafin ya gama narkewa, gudajin za su kulle a cikin jel.

Wurin da mutane da yawa ke ruɗewa shi ne lissafin gari. A wannan fage ana ƙidaya gari ne da gurbin da ya ci a cikin kwaɓi, ba da nauyinsa ba. Kwaɓi mai kyau yana ɗauke da gari tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na cikarsa. Ɗauki misali: kana son mililita 100 na kwaɓi mai alumina kashi 45. Kowace mililita ta alumina tana da nauyin giram 3.98, saboda haka mililita 45 ta zama giram 179. Sauran mililita 55 jel ne, wanda nauyinsa bai wuce giram 57 ba. Ka ga a sikeli garin ya ninka jel sau uku da ɗoriya, alhali a gurbi bai kai rabi ba. Wanda ya ji an ce kashi 45 ya je ya auna giram 45 na gari da giram 55 na jel, abin da ya haɗa bai kai kashi 20 na gurbi ba, kuma kayansa za su motse su tsattsage tun a shanya. Ga mai farawa, kashi 40 ya isa. Idan hannu ya faɗa, sai a riƙa hawa da kashi ɗaya-ɗaya, domin daga 43 zuwa 46 kaɗai kwaɓi kan iya tashi daga mai biyayya ya koma wanda babu sirinjin da zai tura shi.

Kafin gari ya shiga, a ɗiga sinadarin da ke hana ƙwayoyi dunƙulewa. Darvan C da Dolapix CE 64 su ne sanannu ga alumina, ana sa wajen rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyin garin. Yawansa ba alheri ba ne, in ya zarce sai kwaɓin ya sake yin kauri. Daga nan ka kasa garin kashi huɗu ko biyar. Zuba kaso ɗaya, juya sosai, mayar da kwanon cikin ruwan ƙanƙara na minti goma, sannan ka zuba na gaba. Juyawa tana haifar da zafi, zafi kuma yana kamar da jel, shi ya sa ake komawa ƙanƙara tsakanin kowane zubi. Kaso na ƙarshe shi ne mai wuya, zai yi kamar ba zai shiga ba. Kada ka ƙara ruwa. Ƙara sanyi da haƙuri. Kuma duk lokacin da kake auna busasshen gari ka sa takunkumi na ƙwarai, irin N95, ka share tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. Ƙurar silika musamman tana lalata huhu, lalacewar da ba ta warkewa.

Iska ce babbar abokiyar gabar wannan kwaɓi, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Ƙarfe in yana da ɗan rami a ciki yakan jure, ya lanƙwasa kafin ya karye. Tangaran ba ya lanƙwasa, daga rami mafi girma da ke jikinsa tsaga take tashi, ta ratsa shi gaba ɗaya a lokaci guda. Ƙwayar iska ɗaya da ido ba ya gani sosai ta isa ta zubar da ƙarfin kaya, ko da sauran jikin ya gasu ƙwarai. A wajen bugu ma, in iska ta iso bakin allura sai zaren ya tsinke, a bar giɓi, hawa na gaba ya faɗa ciki. Manyan ɗakunan bincike suna da injin juyawa irin na Thinky da ke kwaɓi yana cire iska. In ba ka da shi, ga abin yi. Tura kwaɓin mai sanyi ta rariyar ƙarfe mai laushi don ta tare gudaji. Ɗura shi a sirinji ta baya, da ƙaramin cokali, kana manna shi a jikin bango kaɗan-kaɗan, kada ka jefa shi dunƙule. Toshe bakin, ka sa sirinjin a injin wulwula jini irin na ɗakin gwajin asibiti na 'yan mintuna, bakin yana kallon ƙasa, tare da wani sirinji mai nauyi ɗaya a ɗaya gefen. Iskar za ta taso sama. Kada ka wuce gona da iri a wulwulawar, don kada gari ya kwanta a ƙasa ruwa ya taso. In akwai famfon zuƙe iska da tukunyarsa, shi ma yana aiki, muddin kwaɓin na da sanyi.

Ta yaya za ka san kwaɓi ya yi? Ana so ya kasance ba ya motsi sam sai an matsa masa ƙarfi ya kai wani mataki, in ya fara tafiya ya riƙa sakin jiki, in an daina matsawa ya tsaya nan take. Masu na'urar auna kauri suna da lissafin Herschel da Bulkley na wannan. Kai da ba ka da na'ura, bar sirinjin ya ɗumama na rabin awa, ka matso zare da hannu a kan gilashi. Duba shi ta gefe. In ya tsaya a mulmule, madalla. In ya baje, kwaɓin ya yi ruwa. In gefensa ya yi zartsi-zartsi yana tsinkewa, ya yi tauri ko bai juyu ba. Sai ka jera sandunan ashana biyu da tazarar milimita uku, ka ja zare ya tsallaka. In bai lotsa ba, zai iya yin raga. Na ƙarshe, ɗora zare goma a kan juna ka bar su minti biyar ka ga ko na ƙasa ya fara kumbura. Dalilin wannan gwaji lissafi ne mai sauƙi: kwaɓin da muka haɗa a sama yana da nauyin wajen giram 2.4 a kowace mililita, don haka bango mai tsayin santimita 2 yana danna gindinsa da ƙarfin da ya kusa faskal 470. In kwaɓin bai iya jure wannan ba, gindin zai fara tafiya tun inji bai gama ba. Zirkoniya ta fi nauyi nesa, giram 6 da ɗan ɗoriya a mililita, don haka tana buƙatar kwaɓi mafi tauri a tsayi ɗaya.

Yanzu ne za a yi zancen inji, kuma gajere ne. Firintar roba irin su Ender 3 ta isa. A cire kan da ke narka roba, a ɗaura mariƙin sirinji mai mota da doguwar ƙusa mai zare da zai riƙa tura sandar sirinjin. Wasu suna turawa da iskar kwamfuresa, amma ni na fi son mota, saboda iska tana bin halin kwaɓi: in ya ɗan yi tauri ta rage fitarwa, in ya yi laushi ta ambalo. Firintocin da ke aiki da manhajar Marlin suna ƙin tura komai in kai bai yi zafi ba, sai an ba su umarnin M302 da ke ɗage wannan sharaɗi. Bakin allura, ɗauki na roba mai siffar mazurari, mai faɗin milimita 0.6 ko 0.8. Kada kyan ƙananan baki ya ja ka. A ruwa na yau da kullum, rage faɗin bututu da rabi yana ninka ƙarfin turawa sau 16, kuma ko da kwaɓi yana sassauta wannan lissafi, ƙaramin baki shi ne mai toshewa da fasa sirinji.

A manhajar yanka zane, Cura ko PrusaSlicer, sa tsayin kowane hawa ya zama wajen kashi 80 cikin 100 na faɗin baki, wato milimita 0.48 ga bakin 0.6, don kowane zare ya ɗan danne na ƙasansa su manne. In kaya mai cikakken jiki kake so, tazarar zare da zare ta zama wajen milimita 0.59, in ta fi haka za a bar dogayen ramuka a tsakani. Fara da gudun milimita 10 a daƙiƙa. A wannan gudu, bakin 0.6 yana fitar da abin da bai kai milimita-kubik 3 ba a daƙiƙa, sandar sirinji mai mililita 10 kuwa tana matsawa ne ƙasa da milimita 0.02 a daƙiƙa. Wannan tafiyar hawainiya ce, shi ya sa motar take buƙatar giya mai rage gudu. Kwaɓi ba ya tashi nan take kuma ba ya tsayawa nan take, saboda haka ka zana kayanka yadda zaren zai tafi ba yankewa gwargwadon iko, ka kuma sa injin ya fara jan dogon layi a gefe kafin ya shiga aikin. Bango mai karkata fiye da digiri 45 a bar shi sai an ƙware. Duk wani rami ko gyaran fuska da kake so, yi shi a zane ko a busasshen kaya kafin wuta, domin gasasshiyar alumina sai dutsen niƙa mai lu'ulu'u ke cin ta. Tun ran gini, ran zane.

Girman zanen ma sai an ƙara. Kayan da gari ya ci kashi 45 na gurbinsa, in ya gasu ya kai kashi 98, kowane gefe nasa zai ragu da wajen kashi 23 cikin 100. Mai kashi 40 zai ragu da kusan 26. Kada ka dogara da lissafin nan kaɗai. Buga ƙananan sanduna, auna tsawo da faɗi da tsayi bayan bugu, bayan shanya, da bayan gashi, domin sau da yawa tsayi yana raguwa dabam da tsawo. Da waɗannan alƙaluma za ka gyara zane.

Shanya ita ce inda yanayinmu ke cutar da mai gaggawa. Da hunturu, laimar iska a Kano da Katsina da Maraɗi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A irin wannan iska, fatar kaya tana bushewa ta motse alhali cikinsa jiƙe yake, sai ta tsage, ko gefuna su ɗago sama. Bakin allura ma yana bushewa in inji ya tsaya na minti ɗaya. A rufe firintar da leda, a sa kwanon ruwa a ciki, a kashe fanka. Smay da Lewis a cikin kwanon mai suka riƙa bugu don zaren kada ya sha iska, dabara ce mai aiki ga ƙananan raga. Shimfiɗar da za ka buga a kai ta zama mai santsi, ledar Teflon ko gilashin da aka shafa wa ɗan mai, don gindin kayan ya samu zamewa yayin da yake motsewa. In ya manne, zai yage kansa. Bayan bugu, sa kayan a robar abinci mai murfi, tare da ƙaramin kofi na gishirin girki da aka jiƙa har ya ƙi narkewa duka. Wannan jiƙaƙƙen gishiri yana riƙe laimar cikin roba a wajen kashi 75. Bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka ɗaga murfi kaɗan, sannan ka buɗe duka. Riƙa auna nauyinsa kullum, ranar da ya daina raguwa sai ka kai shi tanda mai digiri 60 zuwa 80 ya kwana. Firij kuwa, bayan bugu kada kayan ya kusance shi, sanyi zai narkar da jel ɗin ya rushe.

A tanderu, matakin farko na ƙone jel ne. Pluronic yana ƙonewa tsakanin digiri 200 da 400, hayaƙinsa kuma sai ya samu hanyar fita ta ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi. In wuta ta hau da sauri, hayaƙin zai kumbura kayan daga ciki. Hau da digiri 1 a minti har 600, ka tsaya awa ɗaya ko biyu. Wannan kaɗai kusan awa goma ne na hawa, a ɗakin da iska ke fita. A wannan mataki kayan ba shi da abin da ke riƙe shi, kada a taɓa. Daga nan hau da digiri 3 zuwa 5 a minti har 1600 in alumina ce, tsaya awa biyu, ka sauko a hankali, kada ka buɗe ƙofa sai ya yi sanyin da hannu zai iya ɗauka. Ɗora kayan a kan faifan alumina da aka barbaɗa wa gari mai ɗan kauri don ya zame. Tunda duka aikin ya fi yini guda, ka tabbatar da man janareta da wanda zai kwana kusa da shi kafin ka kunna.

Wanda duk wannan ya fi ƙarfin aljihunsa yana da hanyoyi biyu da ba na raina su. Ta farko, a buga mazubi na roba da firinta ta yau da kullum, a zuba kwaɓi mai ruwa-ruwa da aka haɗa da sitacin rogo, a rufe, a ɗumama zuwa wajen digiri 70 ko 80. Sitacin zai kumbura ya sha ruwan ya kamar da kwaɓin, in an gasa kuma ya ƙone ya bar ramuka, abin da ake so a matatar ruwa ko ta narkakken ƙarfe. Ta biyu, farar ƙasa, wadda muke da ita a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi. Haɗin da aka saba na fararen kwanuka shi ne kashi 50 farar ƙasa, 25 felsfa, 25 kwaz, ana gasawa wajen 1250 zuwa 1300. Farar ƙasa ita kaɗai danƙonta kaɗan ne, sai a ƙara bentonayit kashi 2 ko 3. A jiƙa, a tace da rariya mai laushi, a yi amfani da baki mai milimita 1.5 ko 2. A tanderu a sassauta wuta tsakanin 450 da 600, inda farar ƙasa ke sakin ruwan jikinta, kwaz kuma ke canza girma a daidai 573. Masu koyar da tangaran a sashen zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna aiki da irin wannan ƙasa, ɗalibin injiniya zai ƙaru ƙwarai in ya je ya tambaye su.

In kaya ya fito daga wuta, kyan fuskarsa ba hujja ba ne. Auna shi a bushe, tafasa shi a ruwa na awa biyu, auna shi a rataye cikin ruwa, sannan ka goge shi ka sake aunawa. Da waɗannan nauyi uku za ka fitar da cikarsa ta hanyar Arkimidis. Alumina da ta gasu sosai za ta haura giram 3.8 a mililita. Sannan ka karya sandunan gwaji, aƙalla goma, ka duba fuskar karayar da tabarau mai ƙara girma. Rami mai zagaye da santsi iska ce, koma wajen ɗura sirinji. Dogayen ramuka masu kusurwa uku a jere tazarar zare ce ta yi yawa, rage ta ko ka ƙara fitarwa. Dunƙulen gari da tsaga ta zagaye shi juyawa ce ba ta isa ba. Rabuwa tsakanin hawa da hawa kuwa na ƙasa ne ya bushe kafin na sama ya sauka, ƙara laima ko ka ƙara gudu. Canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, ka rubuta zafin ɗaki da laimar ranar a littafinka tare da nauyin gari da na jel. Kuma ragar haidroksi'afatait, komai kyanta, kayan bincike ce, ba ta shiga jikin mutum ko dabba sai ta bi gwaje-gwaje da izinin hukumomin lafiya.